Abah Ya Gyaɗa Kai

Ni dai ban iya musu da mai farin kayan asibiti ba. Da nas ɗin gidan tsofaffi na garin Ipoh a Malesiya ta ce mahaifina, da nake kira Abah, ya ishe su da ihun a mai da shi gonar robarsa, za su ba shi ƙwayar kwantar da hankali, sai na ce to.

Bayan wata biyu na same shi shiru.

"Tsoho, ka yarda a ci gaba da maganin?" in ji nas ɗin.

Ya gyaɗa kai.

"Ka gani? Da kansa!"

Mutumin da bai taɓa ce min e ba! Na durƙusa. "Abah, ka yafe min?"

Ya gyaɗa kai. Har na yi ƙwalla.

Daga ƙofa na waiwaya, yana gyaɗa wa bango kai. Ƙwayar ce ke sa shi.