Ruwan Jego a Obiagu

Motar ƙarshe mai kwashe 'yan Arewa daga Inugu tana shirin tashi, sai wata tsohuwa ta sauke ƙunshinta.

"Inna, yaƙi ne fa!" in ji ɗanta.

Shekara da shekaru 'ya'yanta suna zaunar da ita a tabarma, wai hannunta na rawa. Amma jiya maƙwabciyarta 'yar Ibo a unguwar Obiagu ta haihu, ga uwarta can Anaca, hanya a rufe.

"Jego ba wanka, ina raye?"

"In sojoji suka shigo fa?"

"Sai su taya ni sauke tukunya."

Mota ta tashi ba ita. Da asuba hannun nan ya ɗebi tafasasshen ruwa, ko ɗigo bai zube ba.