Ba a Shiga da Kayan Wasa

Tun suna kan gadar tafki ta hango su ta taga. Su biyu ne, kafaɗa da kafaɗa, ba sa kallon lilo, ba sa kallon mai balan-balan. Ta ja aljihun tebur inda ake tara bajojin suna na aro saboda ma'aikacin da ya manta nasa a gida, ta zaro ɗaya ta maƙala a ƙirji. Connie. To, yau Connie ce.

Shekara da shekaru ita ke tsaron ƙofar gidan abincin da ke ƙololuwar wani otal a cikin lambun wasanni, kuma duk lambun an san halinta. A ƙasa, wanda ya ga dama ya yi yawo da gajeren wando da kunnen zomo na roba, ba ruwan kowa. A sama kuwa sai da kwat da takalmi sau-ciki. Ta taɓa mayar da ango saboda silifas, amarya na tsaye tana hawaye. Watan Oktoba ya fi ba ta aiki, lokacin da gandama-gandaman mutane masu jikoki ke shigar fatalwa da 'yan fashin teku, su hau lif wai su ma za su ci naman manya.

Abu ɗaya take lallaɓawa a duniya: teburin jikin taga, ran Juma'a. Ɗanta Lamont zai dawo daga aikin da ya kai shi ƙetare, kuma tun yana ɗan mitsitsi yake cewa wata rana zai zauna nan ya kalli wasan wuta, uwarsa na gefensa a zaune, ba a tsaye ba. Da ƙyar da jiɓin goshi manaja Garrity ya ba ta teburin, bisa sharaɗin kada wani baƙo ya sake kai ƙararta kafin ranar. Kwat ɗin da ta saya wa yaron na rataye a leda, cikin kabad ɗin da ake ajiye na aro.

Lif ya buɗe, mutanen nan biyu suka fito. Shigar soja suka yi, tun daga hula har takalmi. Ƙaramin bai fi talatin ba. Babban yana da furfura da ɗan gicciye a wuyan riga, irin na limamin cocin soja.

"Barka da yamma, ranki ya daɗe," in ji ƙaramin. "Muna neman Misis Pettway."

"Babu tebur da wannan suna yau." Ko dubawa ba ta yi ba. "Kuma ba a shiga da kayan wasa. Ga doka can a bango."

"Ba abinci muka zo ci ba, Mama."

"Kowa haka yake cewa, ɗana. Daga leƙa taga sai a nemi burodi." Ta ƙare musu kallo sama da ƙasa. "Amma telanku ya iya, ba ƙarya. Maɓallai sai ƙyalli."

Babban ya buɗe baki, ta riga shi. In yunwa ce, akwai gidan kifi a bakin tafki, can ba sa duba tufafi. Akwai na Italiyawa kusa da jirgin ƙasan yara, taliyarsu ba laifi, sai dai gishiri. Akwai wanda ake ci ana kallon 'yan rawa. Ta faɗi lokacin buɗewa, ta faɗi lokacin tashi, ta faɗi wanda miyarsa ke ɓata ciki. Matar da ba ta fi kalma biyar ga baƙo ba, yau ga ta kamar an kunna rediyo, hannayenta biyu riƙe da bakin tebur.

Ana cikin haka wani ƙato ya fito daga lif, riga mai hoton abarba, ƙafa silifas, yana tsotsar ƙanƙara. Ya bi ta gefenta ya shige abinsa, faf-faf-faf, har tsakiyar masu kwat. Ba ta ko waiwaya ba.

Wannan ne ya fito da Garrity. Ya matso kusa da kunnenta yana murmushin da ake yi don baƙi.

"Kin san yadda muka yi da ke. Ƙara ɗaya, Juma'a ta tashi."

"Juma'a tana nan," in ji ta. "Babu abin da ya sami Juma'a."

Garrity ya juya ga mutanen, ya gyara ɗamarar wuyansa. "Ku yi haƙuri, yallaɓai. Wa kuke nema?"

"Misis Odessa Pettway. An ce mana a nan take aiki."

Garrity ya dube su. Ya dubi sunan da ke ƙirjinta, ya dubi fuskarta. Murmushin ya tafi.

"Ku sauka ku sake kaya," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Don Allah. Ku sake kaya ku dawo, sai mu yi magana."

Ba wanda ya motsa. Can ƙasa yara na ihu a kan lilo. Mutanen biyu suka cire hulunansu a tare, suka riƙe a ƙirji.

Ai tun daga gada Odessa ta san kayan ba na wasa ba ne, don irinsu ta goge wa Lamont da hannunta ran da ya gama horon soja, kuma ta san muddin ba su kai ga furta saƙon rasuwar da suka kawo mata ba, ɗanta na da rai, yana tafe ran Juma'a.