Tulin Da Des Yake Shayarwa

"Merv ne ya ƙone mu!" in ji mijina Des, muna tsaye cikin tokar gidanmu. "Duk cikin maƙwabta shi kaɗai ya hana a share dajinsa, tsohon banza."

"Haba Des, mutumin nan ya rasu fa," na ce.

Wata biyar Des yana jan mutanen garinmu muna sare ƙananan itatuwa, inji yana niƙe su, don a kai tashar lantarki a matsayin makamashi, wutar daji kuma ta rasa abin ci. Motocin ɗauka ba su zo ba. Tulin niƙaƙƙen icen ya wuce rufin coci. Kullum Des sai ya ja tiyo ya jiƙa shi sharkaf, kada tartsatsi ya kama shi.

Duk da haka wuta ta tashi, gida sha tara suka ƙone, Merv yana cikin nasa.

Mai binciken gobara ta iso, ta cire hularta.

"Dajin Merv ne, ko?" in ji Des.

"Daga tulin ta tashi, maigida. Idan ya jiƙe yakan ruɓa, ya ɗau zafi daga ciki har ya kama wuta da kansa. Wa yake zuba masa ruwa?"

Des ya juya ya dubi tokar tulin. Ni ma haka. Ni nake buɗe masa famfon.