Hoton Sarkin Rum a Littafina

Ina aji huɗu malamarmu 'yar Masar ta ara mini littafin tarihi. A gidanmu na Nakkasa Baba bai yarda da hoto ba, kuma da ƙyar ya bar ni shiga makarantar 'yan mata. Wata la'asar ya dawo daga shagon ɗinkinsa ya tarar da littafin a buɗe, ga kan wani mutum da aka sassaƙa da dutse.

"Wannan gunkin fa?"

Na ce, "Sarkin Rum ne, Baba."

"Karanta in ji."

Na karanta masa cewa ɗan talaka ne daga wani ƙauyen bakin iyaka. Ya shiga soja ba wanda ya san shi, ya yi ta hawa har rundunar ta naɗa shi sarki.

Baba, wanda ya tako da ƙafa tun daga Chadi, ya sake duban hoton.

"Ashe baƙo ne kamar mu."

Ya zaro allin ɗinki daga aljihu, ya ja layi a wuyan hoton don ya raba kan da jiki, ya daina zama gunki, ya miƙo mini littafin.

"Gobe kada ki makara."

Har yau in na tuna, sai na sauke ajiyar zuciya.