Ɗakin da Aka Ɗaure a Turken Akuya

Kai mai rawar kai da sabon tabarau, zauna ka ji. Wani magini ne ya sami irin tabaran nan da in ka saka, sai ka ga ginin da ba a yi ba tsaye a kan fili, kamar ka miƙa hannu ka shafa. Ɗakin tsohuwarsa ya tsage, damina ta ƙarato, ya yi niyyar gina mata sabo a bayan gida. Sharaɗin na'urar ɗaya ne tak: ka nuna mata wani abu a ƙasa wanda ba ya motsi, ta ɗaure hoton a jikinsa. Ga dutse, ga kututturen tsamiya, ga bakin rijiya. Shi gogan, don ƙiwar takawa, sai ya nuna mata turken akuyar tsohuwar da ke gefen ƙafarsa. Nan take ɗaki ya tashi, fari fat kamar an zuba nono, labule na kaɗawa ba iska, inuwa kwance a ƙofa. Ya shiga ya fita, ya ga tsohuwa zaune a ciki tana kaɗi, har ƙamshin sabon daɓe ya riƙa ji. Abin da ya manta, wanda ko akuyar ta sani, shi ne tsohuwa cire turken nan take yi ta bi inuwa da shi. Da ta matsar da turke, ɗakin mafarki ya bi shi sumul, ba ƙara ba ƙura, ya je ya shimfiɗa farfajiyarsa ta haske a kan bakin rijiya.

Gari ya waye, magini ya saka tabarau, ya bi layin haske ya haƙa harsashi. Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, anya nan ka ce jiya?" Ya ce, "Inna, ke dai bari, ba kya ganin abin da nake gani." Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta koma. Ya yi ta ɗora tubali yana murmushi, idonsa a cikin gidan da babu, har bango ya wuce kansa. Ranar da ya cire tabaran don ya share gumi a bakin ƙofa, sai ya ga sama a ƙarƙashin ƙafarsa, gajimare na yawo a cikinta. Rijiya ce. Duk wanda ya fito daga ɗakin nan, takunsa na farko a ruwa zai ƙare. Da hannunsa ya rushe bangon. Ruwan farko ya sauka a kan ɓaraguzai, tsohuwa kuwa tana tsohon ɗakinta, ta tara kwano a kan gado, tana sauraron ɗigon da ɗanta ya rantse ba za ta ƙara ji ba.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.