Idon Dodon Tafki

An yi wani tsohon direban tirela da ya ajiye tuƙi bayan shekara talatin a kan hanya. Zaman majalisa bai karɓe shi ba, dara kuma bai iya ba. Abin da ya riƙe shi ne 'yan mutum-mutumi. Yakan murza yumɓu ya fitar da halittun tatsuniya, kowanne bai wuce tsawon babban yatsa ba, ya kai wa mai ginin tukwane ta gasa masa tare da kayanta. Sannan ya zauna a zaure ya yi musu fenti da ɗan burushin da ya ɗaura da gashin wutsiyar akuya. Yana da kura mai rawani, da aljana mai kofato, da Gizo rataye da gora. Masu wucewa sukan tsaya kallo, kuma idanun ne ke tsayar da su: ɗigon fari, sai ɗigon baƙi a tsakiya wanda bai kai ƙwayar gero ba. Da ya ɗiga, sai ka ga abin yana kallonka.

Ana nan sai hannunsa ya fara karkarwa. Bai gaya wa kowa ba. A lokacin yana kan wani dodon tafki, ya gama jiki kore shar, ya gama haƙora da farata, saura ido. Ya kai burushi, baƙin ya sauka a kumatu. Ya kankare ya sake, ya sauka a hanci. Sai ya yi tunani irin na direba: kayan da ke motsi, ɗaure shi ake yi. Ya aro ƙarfen matse aiki wajen mai walda, ya danne dodo a bakin benci, ya damƙi burushi har jijiya ta tashi. Abin ya ƙara lalacewa, domin dodo ya tsaya cik, hannu kuwa yana ta kai da kawo a kansa. Fuskar ta sha kankara har ta kusa shafewa. Ya ce a ransa, in ya sake kuskurewa sau ɗaya, zai zubar da gwangwanayen fenti ya koma kan tabarma jiran kwana.

Ya shiga cikin gida shan ruwa, ya tarar da matarsa za ta zura zare a allura. Ita karkarwa ta riga shi kama ta da shekara biyar, amma ba ta taɓa daina ɗinki ba, shi kuma bai taɓa tambayar yadda take yi ba. Rannan ya tsaya ya duba. Ta kafa gwiwoyin hannu a cinya, ta haɗa wuyan hannun dama da na hagu suka manne. Hannuwan suna karkarwa, amma tare suke yi: allura ta yi hagu, zare ya bi ta, ta dawo dama, ya dawo. Sai ga zare ya shige.

Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, mako uku ke nan ina jin kofin shayinka yana kaɗa faranti. Hannuwa ba a hana su rawa. Haɗa su ake yi."

 Ya koma zaure ya kwance dodo daga ƙarfe, ya liƙa shi a kan marfin kwalba da ƙaro don ya sami abin riƙewa. Ya ɗauke shi a hagu, burushi a dama, ya kafa gwiwoyin hannu a benci, ya haɗa wuyan hannu da wuyan hannu. Ya sassauta damƙa. Dodo da burushi suka shiga kaɗawa tare kamar mutum biyu a kwalekwale ɗaya. Ya saki numfashi, ya ɗiga. Baƙi ya zauna a tsakiyar fari. Ya juya ya ɗiga na biyu, dodo ya zuba masa ido.

Karkarwa ba ta bar shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa, sai ma ƙaruwa da ta yi. Amma bayan wannan rana ya cika kanta biyu da halittu, ba ko ɗaya mai karkataccen ido.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.