Tagogin Tarago 214

Don Evaristo Luna ya daki tebur har ƙoƙon mate, shayinsu na gargajiya, ya kife a kan 'yar gadar da Hilario ya yi wata uku yana haɗawa da tsinken ashana.

"Taragon wasiƙu! Na ce taragon wasiƙu za a ƙera!"

Ranar Asabar ce da rana, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa ta garin Los Tarcos ta taru a tsohon ɗakin sayar da tikiti. Dattawa goma sha huɗu, kowa da tabarau a kan hanci, sun kewaye layin dogon da faɗinsa bai kai yatsu biyu ba. Sau ɗaya a shekara Doña Amparo take zuwa daga Córdoba, ta ce su zaɓi tsohon tarago guda ɗaya, ita kuma ta ƙera shi ɗan mitsitsi a masana'antarta. Guda ɗaya tak. A kan wannan zaɓe akwai aminan da shekara bakwai ke nan ba sa gaisawa.

Bana kowa 214 yake so, taragon katako na masu hannu da shuni, mai fitilun tagulla, wanda ya yi ɓatan dabo daga bayan tasha a shekarar da aka rufe layin. Wasu sun ce an ƙona shi, wasu sun ce ya tsallaka Bolivia. Doña Amparo ta rantse in ya ci zaɓe, sai ta bi gonakin lemon yankin ɗaya bayan ɗaya, ko ƙusarsa ce ta gano.

Evaristo, tsohon kafintan jirgin ƙasa, shi kaɗai ya ƙi. Wata biyu yana bin gidajen 'yan ƙungiya da kwanon empanada, wato samosar naman da matarsa Nélida ke soyawa, yana neman ƙuri'a. Mutumin da ko layin gasa wa 'yan ƙungiya nama ya zagayo kansa, sai ya kwashi naman ya kai gidan wani, wai gidansa ya cika ƙunci. Suka cinye empanada tas, suka lashe yatsu.

Aka ƙirga ƙuri'u daga cikin hular Hilario. Sha uku na 214, ɗaya na taragon wasiƙu.

"Maciya amana," in ji Evaristo. "Ku amayo min abincin matata!"

Amma Doña Amparo tana da doka: ba ta ƙera tarago sai ta ga gefensa biyu. Shi kuwa 214 hotonsa ɗaya ne a duniya, na gefen dama, shi ma ya dushe. Hilario, shugaban ƙungiya, ya zaro wata takarda ya shimfiɗa. Gefen hagu ne, ya zana da kansa. Ta dube shi ta girgiza kai. Ta ce wannan cita ce, ba ta karɓa sai da shaidar wanda ya san taragon. In babu, na biyu a zaɓe shi ke ci.

Wato taragon wasiƙu, da ƙuri'arsa ɗaya tilo.

Evaristo ya gyara zama, ya sake cika ƙoƙon mate, ya zuƙa a hankali. Ya yi nasara. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya kama bakinsa na minti biyar, matar ta rufe jakarta.

Sai dai takardar tana nan a gabansa. Ya kau da kai, ido ya koma. Jijiyar goshinsa ta miƙe. Leɓunansa suka fara motsi kamar mai ƙirga awaki.

"Taga sha biyu ka sa?"

"Dama sha biyu, hagu sha biyu," in ji Hilario. "Ko jaki ya san wannan, tsoho."

"Sha ɗaya ne, kai mai kan kabewa! Murhun fa, a kan hancinka za a ajiye shi?"

Ya fizge fensir daga bayan kunnen Hilario. Ya soke taga guda, ya fitar da bututun hayaƙi, ya mayar da ƙofar bayi can ƙarshe da gilashinta mai hazo. Ya rubuta awon kowace taga ba tare da ya tsaya tunani ba. Yana zane yana zagi. Har da cewa ta ukun nan ba ta rufuwa in an yi ruwa, sai an naushe ta.

Da ya ɗago, duk sun zagaye takardar. Hilario yana murmushi har kunne.

"Ga shaidarki nan, Doña. Kafintan layin ne, shekara talatin bai manta ba."

Ta naɗe takardar, ta ce 214 ya ci, ran Litinin za ta fara bin gonaki.

Evaristo ya fita bai ɗauki kwanonsa ba. Ya bi tsohon layin da ciyawa ta cinye har inda ya ƙare, wurin doguwar katangar bulo da inabi ya lulluɓe. Nélida tana bakin ƙofa tana kwashe shanya, hadari ya haɗo.

"Taragon wasiƙu?" in ji ta.

"Sha biyu ya zana, tsohuwa. Sha biyu!"

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai kuma ka buɗe wannan bakin naka. Empanada ɗari da arba'in na soya, Evaristo!" Ta cusa masa zannuwa a ƙirji. "Wuce ka rufe tagogi kafin ruwa ya sauko."

Ya karkata kafaɗa ya bi siririn lungun gidansa, tsohon tarago 214 da katangar ta ɓoye, ya rataye hularsa a jikin fitilar tagulla, ya rufe taga ta ɗaya, ya rufe ta biyu, sannan ya naushi ta uku.